Wa Muke Kai wa Kukanmu?

'Yan'uwa, a nan Kudu mun yi nisa da iyayen da za su sasanta mu. In aure ya rikice, ko bashin kasuwa ya hana barci, sai mu nufi malam ko likitan ƙwaƙwalwa. Shawarar takan zo ɗaya, amma wanda ya tarbe mu da sakin fuska, ya riƙe sirri, tasa muke ɗauka. Ai tun kafin wahayi Kuraishawa ke kiran Annabi (SAW) Al-Amin, shi ya sa suka karɓi hukuncinsa ranar ɗora Hajarul Aswad.

Sai dai daɗin baki ma yana jan mutum, har ya saki matarsa kan maganar wanda bai san komai ba. Kafin mu zazzage masa cikinmu, mu bincika: wurin wa ya yi karatu, kuma an taɓa jin sirrin wani a bakinsa?