Gumin Wa, Sunan Wa?

Akwai wata magana da ake yawan faɗa mana, wai mai fasaha na gaskiya ba ya raba aikinsa da rayuwarsa. Ni kam duk lokacin da na ji wannan magana sai in tambaya, rayuwar wa ake nufi? Ta shugaba, ko ta yaran da ke ƙarƙashinsa?

Bari in kawo misalin Charles Eames da matarsa Ray, mutanen Amurka, waɗanda suka shahara wajen tsara fasalin kujeru da sauran kayan ɗaki. Sun yi aure a 1941, suka koma Los Angeles, kuma a cikin ɗakin hayarsu suka fara gwajin lanƙwasa siraran katako da ake liƙawa da gam. Da wannan dabara suka yi wa sojojin ruwan Amurka katakon ɗaure karaya lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A 1943 aikin ya koma wani tsohon garejin motoci a unguwar Venice, a can ya zauna har 1988. Gidan da suka gina wa kansu a 1949 ma kashi biyu ne, wato ɓangaren kwana da ɓangaren aiki, 'yar tsakar gida ce kurum ta raba su.

Garejin nan fa ba ofis ba ne irin wanda muka sani. A ciki ake sassaƙa, a ciki ake ɗaukar hoto da fim, ga kayan wasan yara jibge ko'ina. Waɗanda suka yi aiki a can sun ba da labarin yadda akan ajiye aiki a tafi ɗaukar hoton masu wasan tsalle-tsalle in sun zo gari, da kuma yadda akan kai dare ba a tashi ba. Daga wannan hargitsi shahararriyar kujerarsu ta hutawa ta fito a 1956. To, wa zai ce tsarin bai yi amfani ba? Ni ban ce ba.

Amma a nan gizo ke saƙa. Shi Charles in ya kwana a kan aiki, nasa yake yi. Shi ya zaɓa, kuma gari na wayewa sunansa za a kira. Yaron da ya kwana tare da shi kuwa, ya bar iyali a gida, ya zubar da gumi iri ɗaya, alhali kuwa duk abin da ya fita daga garejin da sunan Eames yake fita. Harry Bertoia, wanda ya yi aikin kujerun katako tare da su, ya bar wurin a tsakiyar shekarun 1940 yana jin an danne gudummawarsa, ya je kamfanin Knoll ya fito da kujerarsa ta waya a 1952, da sunansa a kai. A wani fim na 2011 kan ma'auratan, tsofaffin ma'aikata sun sake tayar da wannan kuka. Kai, ita kanta Ray ba ta tsira ba: da aka gabatar da kujerar 1956 a talabijin, sai aka nuna ta a matsayin mace mai taimaka wa miji daga baya, alhali tare suka yi aikin.

Na san abin da za a ce mini, wai ai yaro a wurin gwani koyo yake yi, koyon kuwa shi ne ladansa. Akwai gaskiya a ciki. Deborah Sussman ta shiga garejin a 1953, daga baya ita ta jagoranci tsara launuka da alamomin wasannin Olamfik na Los Angeles a 1984. Haka ma a maƙera, garma da sunan maigida take zuwa kasuwa, mai zuga ba ya ƙorafi. Sai dai ɗan maƙera ya san akwai ranar yaye, ranar da zai kafa tasa uwar maƙera. In babu wannan rana, ko kuwa yaron ya riga ya zama gwani ana ci gaba da kiransa almajiri, to abin ya tashi daga koyarwa ya koma ci da gumin wani.

A ganina, shugaba yana da 'yancin ya narkar da darensa da ranarsa cikin aiki, amma ba shi da hurumin ya mai da wannan ma'aunin himmar na ƙasa da shi, sai in zai raba sunan kamar yadda ya raba wahalar. Malamaina masu duba kundayen bincike, ku yi mini afuwa, kun dai san inda na dosa.

Charles ya rasu ran 21 ga Agusta 1978. Ray ta shafe shekarun da suka biyo baya tana tattara takardu da hotunan garejin domin babban ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka, ta kuma rasu ran 21 ga Agusta 1988, shekara goma cif bayansa.