Wa Ya Cancanci Ya Yabi Wuta?

A ranar 14 ga watan Maris na shekarar 2025, wata ƙungiyar mawaƙa mata su biyar a ƙasar Koriya ta Kudu, mai suna LE SSERAFIM, ta fitar da ɗan ƙaramin kundin waƙoƙi da ta raɗa wa suna HOT, wato zafi. Waƙoƙi biyar ne a cikinsa. Ta farko, Born Fire, sunanta yana magana ne a kan haihuwa da wuta, ta huɗu kuwa Ash, wato toka. Saƙon kundin a fili yake: mutum ya faɗa cikin abin da yake so da dukkan ransa, ko da bai san yadda za ta ƙare ba, domin in ma ya cinye ya zama toka, daga tokar zai sake tashi.

Mako guda bayan haka, wutar daji ta tashi a tsaunukan yankin Gyeongsang da ke kudu maso gabashin ƙasar. Ta kashe kimanin mutum 30, mafi yawansu tsofaffi mazauna ƙauyuka, ta kuma ƙone gine-ginen Gounsa, wani gidan ibadar mabiya addinin Buda da aka kafa tun ƙarni na 7. Ba wanda ya shirya wannan haɗuwa, kuma ba laifin mawaƙan a cikinta. Sai dai ganin wutar waƙa da wutar gaske a wata ɗaya, a ƙasa ɗaya, ya isa ya sa mai hankali ya tsaya ya yi tambaya: shin daidai ne a ce wa ɗan Adam ƙonewa hanyar sabuwar rayuwa ce? In kuwa daidai ne, a bakin wa ya kamata a ji wannan magana?

Adalci ya buƙaci mu fara sauraron mawaƙan kansu, domin sun san abin da suke faɗa. Sunan ƙungiyar an samo shi ne ta hanyar jujjuya haruffan wata jimlar Ingilishi mai nufin rashin tsoro, yana kuma nuni ga serafim, mala'ikun da littafin Ishaya ya ambata, waɗanda sunansu a harshen Ibrananci ya fito daga tushen kalmar ƙonewa. Tun ranar suna, ke nan, akwai wuta a cikin lamarin. Miyawaki Sakura, 'yar ƙasar Japan, ta fara waƙa a ƙungiyar HKT48 a 2011 tana yarinya, ta koma IZ*ONE a 2018, wannan ƙungiya ta watse a 2021, ta sake farawa karo na uku a 2022. Kim Chaewon tare suka ga watsewar IZ*ONE. Huh Yunjin, wadda ta tashi a Amurka, ta shiga gasar talabijin ta Produce 48 a 2018, aka fitar da ita kafin zagayen ƙarshe. Kazuha ta yi shekaru tana koyon rawar bale har zuwa birnin Amsterdam, ta ajiye ta ta kama sabuwar sana'a. Autarsu, Hong Eunchae, shekarunta 15 lokacin da ta hau dandamali. A watan Afrilu na 2024 suka yi wasa a bikin Coachella na Amurka, aka yi musu ca a shafukan sada zumunta a kan yadda muryoyinsu suka fita, suka ya wuce maganar waƙa ya koma cin mutunci na watanni. Wanda ya bi ta irin wannan hanya, idan ya ce ya zama toka ya tashi, shaida yake bayarwa a kan abin da ya gani da idonsa.

Akwai kuma gaskiya a cikin abin da suke rerawa. Hausawa na cewa da zafi-zafi ake bugun ƙarfe, kuma mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa. Koriyawa suna da nasu misalin a tukwanen zamanin daular Goryeo, masu launin kore-kore da duniya ke sha'awa har yau. Ƙyallin da ke jikinsu daga haɗin da ake yi da tokar itace yake fitowa, kuma sai tukunyar ta shiga matoya mai tsananin zafi kafin launin ya bayyana. Ita kanta ƙasar, yaƙin 1950 zuwa 1953 ya bar biranenta kango, amma kafin jikokin waɗanda suka ga yaƙin su girma ta shiga sahun ƙasashe masu arziki. Al'ummar da ke da irin wannan tarihi ba abin mamaki ba ne ta so waƙar tashi daga toka. Yarinyar da ta faɗi jarrabawa a Busan, ko saurayin da aka sallama daga aiki a Daegu, idan suka saurari HOT suka ji ƙarfin fita gobe da safe, waƙar ta yi aikin alheri, kuma ban ga dalilin raina wannan alheri ba.

To amma mai ginin tukwane yana da wani abu da labarin toka yakan manta da shi. Shi ne ke auna zafin, shi ne ya san lokacin da za a janye itace, kuma duk da haka ba duk tukunyar da ta shiga matoya ke fitowa lafiya ba. Masu binciken kayan tarihi sun tono tulin fasassun tukwane a tsofaffin matoyan Gangjin. Waɗanda suka fito lafiya su ake sa wa fitila a gidajen tarihi. Fasassun kuwa ba mai rera musu waƙa.

Wannan ƙungiya ta taɓa taɓo batun tun a watan Oktoba na 2022, da kundinta mai suna ANTIFRAGILE. Kalmar ta marubucin nan Nassim Nicholas Taleb ce, daga littafinsa na 2012. Ya kasa abubuwa gida uku: wanda bugu ke fasawa, wanda ke komawa yadda yake bayan bugu, kamar tsuntsun almara na Girkawa da ke ƙonewa ya tashi daga tokarsa, da wanda bugu ke ƙara wa ƙarfi, kamar macijin almara Hydra da in an sare masa kai ɗaya biyu ke tsirowa. Waƙar buɗe wancan kundi ma sunan wannan maciji ta ɗauka. Sai dai Taleb ya faɗi wani abu kuma wanda ba ya daɗin rerawa. Ya nuna cewa sau da yawa ƙarfin tsari gaba ɗaya daga raunin ɗaiɗaikun da ke cikinsa yake samuwa, ya kawo misali da gidajen abinci: sana'ar tana inganta ne domin gidaje da yawa suna durƙushewa, sauran su ɗauki darasi. Idan muka ɗora wannan ma'auni a kan masana'antar waƙar Koriya, za mu ga cewa macijin mai kawuna ita ce masana'antar, kawunan da ake sarewa kuwa 'ya'yan mutane ne.

Ga yadda abin yake tafiya. Kamfanoni suna ɗaukar yara tun suna makaranta, su yi shekaru suna koyon rawa da waƙa da harsuna, ana gwada su a kai a kai, ana sallamar wanda bai kai ba. Kaɗan ne ke hawa dandamali, cikin kaɗan ɗin ma kaɗan ne ke daɗewa. Yarjejeniyoyin aiki sun taɓa yin tsawon da sai da hukumar kula da adalcin kasuwanci ta ƙasar ta fito da tsarin da ya taƙaita su zuwa shekara 7 a 2009, shekarar da mawaƙa uku na ƙungiyar TVXQ suka kai kamfaninsu kotu. Gasar Produce 48 da aka tara 'yan takara 96 domin zaɓen 12, daga baya ta bayyana cewa an yi maguɗi a ƙuri'un masu kallo, har kotu ta ɗaure mai shirya ta a 2020. Yaran sun shiga ne da imanin cewa wutar tana tantance zinariya, ashe akwai hannun da ya riga ya zaɓi wanda zai fito. A watan Disamba na 2017 mawaƙi Jonghyun ya rasu, a Oktoba na 2019 Sulli, bayan mako shida kuma ƙawarta Goo Hara, dukansu ba wanda ya kai shekara 30. Matan biyu sun sha zagi a intanet ba dare ba rana. Bayan rasuwar Sulli ne manyan shafukan labarai na ƙasar, Daum da Naver, suka rufe wurin tofa albarkacin baki a ƙarƙashin labaran nishaɗi. Mukan ce wuya ba ta kisa. Waɗannan sunaye uku sun isa su sa mu riƙa furta karin maganar nan da taka-tsantsan.

Koriya ta san wata wutar da ta fi waɗannan nauyi. Jeon Tae-il ma'aikacin ɗinki ne a Kasuwar Pyeonghwa da ke Seoul, inda 'yan mata ƙanana ke aiki sa'o'i goma sha a ɗakunan da mutum ba ya iya miƙewa tsaye, suna shaƙar ƙurar yadi. Yakan sayo musu abin taɓawa da kuɗin motarsa, ya taka da ƙafa zuwa gida. Ya karanta dokar ƙwadago ta 1953, ya kai kuka wurin hukuma, ba a saurare shi ba. A ranar 13 ga Nuwamba, 1970, yana da shekara 22, ya cinna wa kansa wuta a kasuwar, ya rasu a wannan rana. Ba na kawo wannan labari domin yabon abin da ya yi wa ransa, domin rai amana ne, kuma al'ummar da ta bar matashi ya kai wannan matsayi ita ce abar zargi. Abin lura shi ne abin da ya biyo baya. Ana yawan kiransa tartsatsin da ya farkar da gwagwarmayar ma'aikata a Koriya. Amma tartsatsi ba ya kafa ƙungiya. Abokan aikinsa da mahaifiyarsa, Lee So-sun, su suka kafa ƙungiyar ma'aikatan ɗinki ta Cheonggye cikin makonni biyu, ita kuma ta shafe shekara 40 tana wannan fafutuka, har da zaman kurkuku, zuwa rasuwarta a 2011. Wuta ta ɗauke mata ɗa. Duk abin da ya tsiro bayan nan, guminta ne da na waɗanda suka tsaya tare da ita.

Haka ma Ƙofar Sungnyemun, tsohuwar ƙofar kudu ta birnin Seoul da aka gina a 1398. A daren 10 ga Fabrairu, 2008, wani dattijo da ke jin an cuce shi a kan diyyar fili ya banka mata wuta, benenta na katako ya rufta mutane suna kallo a talabijin. Shekara biyar magina da masassaƙa da masu fenti suka yi kafin a sake buɗe ta a watan Mayu na 2013. A ranar bikin ba wanda ya tashi ya gode wa dattijon domin ya ba ƙofar damar sabuntawa. Kotu ta riga ta yanke masa shekara 10.

Nan ne amsar tambayar take. Maganar tashi daga toka tana canza nauyi gwargwadon bakin da ta fito. Idan wanda ya ƙone ya faɗe ta, yana ƙwato labarinsa ne daga hannun waɗanda suka so su rufe shi, yana cewa abin da ya same shi bai zama ƙarshensa ba. Wannan haƙƙinsa ne, kuma jarumtaka ce. Idan kuwa ta fito daga bakin wanda ya hura wutar, ko wanda ke cin riba da ita, ko ɗan kallon da ya tsaya yana jin ɗumi, ta zama uzuri. Shugaban da ke gallaza wa na ƙasa da shi ya ce yana gina su ne, malamin da ke wulaƙanta ɗalibi ya ce gobe zai gode masa, mai zagi a intanet da ke cewa ai shahararre dole ya jure, dukansu suna aron kalmar wanda ya tsira ne domin su wanke hannunsu. Cewa alheri ya biyo bayan cuta ba ya mayar da cutar alheri, kuma ba ya sauke wa macuci nauyinsa.

Akwai bambanci kuma tsakanin wutar da mutum ya kunna wa kansa da wadda aka jefa shi ciki. Mafi kyawun fassarar HOT ita ce ta farko: zafin son abu, irin wanda ke sa mutum ya kwana yana gyara baiti ɗaya ko taku ɗaya ba tare da wani ya tsaya a kansa ba. Rayuwar da ba ta da irin wannan zafi ta yi sanyi da yawa, kuma wanda ya ƙi shiga komai don tsoron ƙuna zai tsufa bai san abin da zai iya ba. Amma ko wannan wuta tana buƙatar murhu, wato hutu da iyaka, da mutanen da za su ce ya isa haka. Yarinya mai shekara 15 ba ita ya kamata a bar wa aikin auna zafin ba. Wannan nauyin iyaye ne da kamfani da hukuma.

Mu masu sauraro ma muna da rabonmu. Kunnen da ke jin daɗin labarin faɗuwa da tashi yakan fara bukatar faɗuwar ba tare da ya sani ba, domin in ba toka babu labari. Taron da ya yi wa mawaƙan nan rajamu a 2024 ba shi da nisa da taron da ya tafa musu a 2025. An ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Nasiha ce mai kyau, amma mutumin kirki yakan fara watsa ruwan ne a gemun da ke ci.

Hotunan Gounsa bayan gobarar sun nuna babbar ƙararrawar tagulla a tsage, tana zaune a tsakiyar baraguzai. Wani tsohon mutum-mutumin Buda na dutse, wanda ƙasar ke lissafawa cikin taskokinta, ya tsira. Wutar ba ta gwada shi ba, balle a ce ta ƙara masa ƙarfi. Mutane ne suka naɗe shi, suka ɗora a mota, suka sauka da shi daga tsaunin kafin harshen wutar ya iso.