Kakin Zuma da Hakkin Mai Yinsa

Maƙerin fari a Agadas, in zai yi abin wuyan nan da Turawa ke kira gicciyen Agadas, ba da azurfa yake farawa ba. Da kakin zuma yake farawa. Sai ya murza shi ya yi laushi, ya siffata shi, ya lulluɓe shi da yumɓu, ya bar 'yar ƙofa. In yumɓun ya bushe ya sa a wuta, kakin ya narke ya tsiyaye, ya bar gurbinsa. Cikin gurbin nan ake zuba narkakkiyar azurfa, sa'an nan a fasa yumɓun. Da irin wannan zubi ne mutanen Ife da na Bini suka yi kawunan tagulla da duniya ke mamaki har yau.

Kowa yakan yabi hannun maƙeri, ya kuwa cancanta. Amma wa ya yi kakin? Ƙudan zuma ba tsinto shi suke yi a daji ba, daga jikinsu yake fita, ta ƙarƙashin ciki, ɓarɓashi-ɓarɓashi kamar dusa. Masana sun ce sai sun sha wajen kilo 6 zuwa 8 na zuma kafin su yi kilo 1 na kaki. Ma'aikaciya guda kuwa, a lokacin aiki, kwananta bai wuce mako 6 ba. Da kakin nan suke gina rumbunsu da ɗakin 'ya'yansu. To, ya ɗan'uwa mai karatu, in mutum ya ɗauke wannan don ya yi ado ko kyandir, sata ya yi ko kuwa halaliyarsa ya ci?

A ganina ba sata ba ce. Amya mai lafiya takan tara fiye da abin da za ta ci. Mai kiwo ya saƙa mata gida, ya yaɓe shi da kashin shanu, ya hau ɗorawa ko tsamiya ya rataye, a lokacin bazara ya ajiye mata ruwa. Yana da rabo, kamar yadda makiyayi ke da rabo cikin nono muddin bai hana maraƙi tsotso ba. Kakin da maƙeri ya narkar ma ba ɓarna ba ne, gama ya bar siffarsa cikin azurfa. Haka kuma kyandirin Ista, yana ƙarewa yana ba da haske, waƙar yabon da ake rerawa a daren nan ma ba ta manta da aikin ƙudan zuma ba.

Inda magana take shi ne wajen ɗiba. Mun san yadda da yawa ke yi: a je da dare da damin ciyawa mai ci da wuta, a babbake amya, a kwashe saƙa duka, har da mai 'ya'ya. Da safe sai gawawwaki a gindin itace, wani lokaci ma dajin ya kama. Wani zai ce, ai ƙwari ne, Allah kuwa ya ba mutum iko bisa halitta. Gaskiya ne, amma iko irin na wakili ne a gonar maigida. Shari'ar Musa, cikin Maimaitawar Shari'a sura 22, ta yarda wa wanda ya tarar da sheƙar tsuntsu ya ɗauki 'ya'yan, amma ta hana shi kama uwar. Watau a ci, a bar tushe. Mai babbaka ya cinye tushen, ya kuma cuci maƙwabcinsa mai kabewa da mangwaro, domin ƙudan nan su ne ke ɗaukar ƙurar fure daga wannan zuwa wancan har itace ya yi 'ya'ya.

Kada dai mu yi saurin la'antar mai wuta. Zuma da zaƙi da harbi, ƙudan ƙasashenmu kuwa sun fi na Turai faɗa. Mutumin da ke kan reshe cikin duhu, ba rigar kariya, ba komi sai gajeren wando, tsoro ne ya sa masa wuta a hannu, talauci kuma ya hau da shi. Hanya tana nan. A 1851 wani fasto a Amurka, Langstroth, ya lura da faɗin ratar da ƙudan ke bari tsakanin saƙa da saƙa, ya yi akwatin da ake zare saƙa ɗaya-ɗaya. Daga baya aka yi mai sauƙi a Kenya, wanda kafinta na gari zai iya yi da katako. Hayaƙi kaɗan ya isa, a yanki saƙar da ta nuna, a bar ta 'ya'ya. Sai dai akwati da riga kuɗi ne.

Nan ne nauyin ke komowa kanmu masu saye: maƙeri, da mai yin kyandir, da mu da muke kunnawa a ikilisiya. Curin kaki a kasuwa ba ya faɗin yadda aka same shi, ko da yake na wuta yakan yi duhu da warin ƙauri. In muka taya na hayaƙi da na babbaka kuɗi ɗaya, mun gaya wa mai kiwo cewa wahalarsa ta banza ce, baɗi kuwa da damin ciyawa zai koma gindin ɗorawa.