Bindigar da Aka Sauya wa Komai, ta Wa ce?

A Amurka, mutum kan sayi ƙaramar bindiga ƙirar Glock, ko M1911 da John Browning ya ƙera, ya kai wa maƙeri. A sauya bututu, a sauya kunama, a sassaƙa mariƙi, a ɗora sabon saiti. Shin har yanzu ita ce wadda ta fito daga masana'anta?

Tambayar tsohuwa ce. Plutarch ya ba da labarin jirgin ruwan Theseus, wanda mutanen Atina suka riƙa cire ruɓaɓɓun katakansa suna sa sababbi, har masana falsafa suka rabu biyu a kan ko shi ne ko wani ne. Dokar Amurka ta 1968 ta yanke nata hukuncin: gangar jikin da ke ɗauke da lamba ita ce bindiga, sauran duk kayan gyara ne.

Wannan ya wadatar da mai rajista, amma bai taɓa batun alhaki ba. Kunamar Glock kan buƙaci matsin kusan fam 5.5 kafin ta tashi. 'Yan sandan New York sun daɗe suna amfani da mai fam 12 kafin 2021, don gudun harbin kuskure. Mai gasar harbi kuwa sassautawa yake nema, kuma a filin gasa yana da hujja. To, wanda ya sassauta ta sannan ya ajiye a gida mai yara fa? Injiniyoyi sun auna wannan nauyi da gangan. Duk wanda ya rage shi, shi da maƙerinsa sun karɓi amanar da a da take wuyan masana'anta, ko da lambar ba ta canja ba.