Kacala da ruwan da ya daina tafiya

Ka ambaci kacala a gaban manomin Hadeja ko masuncin Nguru, nan take za ka ga ransa ya ɓaci. Da gaskiyarsa. Ciyawa ce da ta fi mutum tsayi, ta toshe hanyoyin ruwa, kwale-kwale ba ya ratsawa, babu wurin jefa raga. A cikinta tsuntsayen jan baki ke kwana, gari na wayewa su faɗa wa shinkafa da gero. Inda ta toshe hanya, ruwa ya karkata ya cinye gonakin mutane, can wajen Gashuwa kuwa ana ta zuba ido bai iso ba.

Sai dai kacala ba jiya ta zo duniya ba. Halin ruwan ne ya canja. A da kogin Hadeja yakan cika da damina ya mamaye fadama, rani na shigowa ya janye, ƙasa ta bushe har ta tsattsage. Wannan bushewar ce ke taka wa kacala birki. Da aka gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa ta biyo baya a 1992, sai aka koma sakin ruwa cikin kogin duk tsawon shekara. Babbar ambaliya mai kwashe laka ta ragu, fadama kuma ba ta bushewa sosai. Ruwa marar zurfi, kwance, rani da damina: abin da kacala ke nema ke nan. Haka aka yi a kogin Senegal bayan an gina madatsar Diama.

Tsaga ganyen kacala ka duba, cikinsa kamar soso yake. Ta nan iska ke gangarawa zuwa saiwar da ke cikin laka. Shi ya sa wanda ya sare ta a saman ruwa, ko ya banka mata wuta, aski kawai ya yi mata. Wanda ya san kan aiki yakan shiga ruwa har ƙugu ya yanke ta a ƙasan ruwa, kututturen ya nutse, saiwa ta shaƙe.

Ana yin gayya, ana kawo injin yashe kogi, kuma duk suna da amfani. Amma a ganina mun fi son faɗa da abin da ido ke gani, mu ƙyale abin da ke ciyar da shi. Maganin yana ƙofar madatsa: a saki ruwa da ƙarfi a lokacinsa, a bar fadama ta sha rani. Wuyar ita ce manoman Kadawa da famfunan birnin Kano su ma da rani suke buƙatar ruwan nan.