Asirin gado da ran mai naƙuda

Shin wanda Allah ya ba ilimin ceton rai yana da damar rufe shi a akwati ya bar wa zuriyarsa kaɗai? Tarihin awartakin haihuwa, wanda likitoci ke kira forsef, ya isa a yi nazarin wannan tambaya.

A shekarar 1569 iyalin Camberlen suka yi hijira daga Faransa zuwa Ingila saboda rikicin addini. Ɗaya daga cikinsu ya ƙirƙiro wasu ƙarafa biyu masu kama da ludayi, waɗanda ake riƙe kan jariri da su a jawo shi in naƙuda ta tsaya. Kafin wannan, sau da yawa sai an salwantar da ɗan kafin a ceci uwar. Amma sai suka mai da abin asirin gado, fiye da shekara ɗari yana tafiya daga uba zuwa ɗa. An ruwaito cewa har idon mai naƙuda suke ɗaurewa don kada ta ga abin da ke hannunsu. Sai a 1813 aka tono kayan nasu ƙarƙashin daɓen wani gida a lardin Eses.

Mai kare su zai ce: sana'arsu ce, da ita suke ci, kamar yadda wanzami ko maɗori ba ya tallar laƙanin gidansu a kasuwa. Zai ƙara da cewa ƙarfen nan yana da haɗari. Hannun da bai ƙware ba yana iya yage jikin uwa, ko ya taɓa jijiyar fuskar jariri. Ko na'urar zuƙo da likitan Suwidin Malmstrom ya inganta a shekarun 1950, mai kama kai irin kamun ƙaho, tana iya jawo kumburi ko taruwar jini ƙarƙashin fatar kan jariri.

Sai dai wannan hujja ita ce ke kayar da su. A 1670 Hiyu Camberlen ya je birnin Pari don ya sayar da asirin. Likita Moriso ya gwada shi da wata mata mai matsattsen ƙugu. Ya yi awa uku yana fama, ɗan bai fito ba, uwar kuma ta rasu. Ƙarfen yana da iyaka, kuma babu mai faɗa wa mai shi inda iyakar take, tun da ba wanda ya taɓa ganinsa. Bayan asirin ya fasu ne Labre a Faransa da Simeli a Ingila suka lanƙwasa shi daidai da ƙugun mace, aka tsara ƙa'idar aiki da shi: sai bakin mahaifa ya gama buɗewa, sai kai ya sauko, sai an san yadda yake kwance.

Ke nan ɓoyon ya yi ɓarna biyu: ya hana mata taimako, ya kuma hana a gyara kuskure. Doguwar naƙuda har yau tana bar wa mata yoyon fitsari, abin da ya sa aka buɗe asibitinsa a Danja, kusa da Maradi, a 2012. Ladan aiki haƙƙin mai sana'a ne, babu mai musu. Ilimin kuwa amana ce, kuma sauke ta ya haɗa da koyar da shi tare da haɗarinsa, da kuma sanin lokacin da ungozoma za ta janye hannu ta tura mai naƙuda wurin tiyata.