Daɓenka Rufin Wani Ne

'Yan'uwa, a cikin duwatsun Birnin Kudu, kusa da zanen shanun nan na mutanen da, akwai wasu duwatsu waɗanda in an buge su sai su yi amo kamar kuge. Wani Baturen Ingila mai binciken kayan tarihi, Bernard Fagg, shi ya ba duniya labarinsu a 1956. Abin da suke nuna mana shi ne, abu mai tauri ba ya haɗiye duka, miƙa shi gaba yake yi. A cikin iska sauti yana tafiyar mita 340 a daƙiƙa guda, a cikin kankare kuwa ya ninka haka wajen sau goma.

Da can a fili ake zama, turmi a tsakar gida, ƙasa ta shanye ƙarfin taɓarya. Yanzu a Birnin Kudu da Gwaram benayen siminti sun samu, iyali bisa iyali. Uwargida ta yi daka a sama, ko yaro ya ja kujera, sai dukan ya bi daɓe, ya bi ginshiƙi, ya sauka a kan mai barci a ƙasa. Rufe taga ba ya magani, domin ba ta taga ya shigo ba. A 1999 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada ƙara a ɗakin kwana ta wuce desibel 30 da dare, saboda barcin da ake yawan katsewa yana raunana jiki da hankali.

To, ga tambaya: shin mutum yana da alhakin cutar da shi kansa bai ji ba? Na sama yakan ce, "Ai a ɗakina nake, kuɗina na biya." Gaskiya ne, amma daɓen da yake takawa rufin wani ne, ba nasa ba ne shi kaɗai. Shi ya san lokacin da zai buga, na ƙasa kuwa bai sani ba, kullum a ɗarare yake. Rashin sani uzuri ne har ranar da aka faɗa maka. Daga ranar nan, ci gaba da yi ya zama ganganci.

Na ƙasa ma da nasa nauyin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, saboda haka ya hau, ya yi sallama, ya faɗa da ladabi, maimakon ya riƙe maƙwabcinsa a zuci kan abin da bai san yana yi ba. Mai gida kuma da ya rage kaurin daɓe don tsimin siminti, ya sani rigima ya gina wa 'yan hayarsa.

Gyaran ba shi da tsada: a sauko da turmi ƙasa, a shimfiɗa tabarma ko darduma, a cire takalmi a bakin ƙofa, a ɗaga kujera maimakon a ja ta. In dare ya yi, mu tuna akwai tsoho, da jariri, da marar lafiya a ƙarƙashin sawunmu.